Muryar Yaya Haulatu a Wayar Innata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Oktoba, 2024, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran Haulatu Lawal ta unguwarmu a Kongolam, bayan gajeriyar jinyar zazzaɓi a Daura, inda take karatun aikin jinya. Ni Zaituna ce, ɗiyar maƙwabtansu, ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare.

Yaya Haulatu, a waya labarin ya iso mu. Innata na bakace gero, sai wayarta ta yi ƙara, ta ce in duba mata. Na karanta, na kuma karantawa. Abin da ya fito bakina shi ne tambayar nan taki: "Wa ya faɗa?" Ke kika koya mana kada mu yarda da abu don kawai waya ta nuna shi, sai mun nemi wuri na biyu. Na ajiye wayar na fita neman wuri na biyu. A ƙofar gidanku na ga ana shimfiɗa tabarmi.

Kin san ni ba na iya ɗaga hannu a aji. Tambaya takan zo mini har maƙogwaro ta koma. Ke kaɗai kika lura. Duk Juma'ar da kika dawo gida, mukan taru a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gidanku, ni da Hasana da Amatullahi, kowa da aikin gidan da ya gagare ta. Sabis ɗin garinmu ba shi da tabbas, wani lokaci ma wayar sai ta kamo na Nijar. Shi ya sa kike karɓar tambayoyinmu ki tafi da su Daura, ki bincika a intanet, ki sauke bidiyo da bayanai, ki zo mana da su.

Ranar farko kika miƙo mini wayar, kika ce in danna in yi tambayata da baki. Na kasa. Kika yi dariya kika ce, "Zaituna, waya ma kunyarta kike ji? Ai ba surukarki ba ce." Sai da kika juya mini baya na iya yi mata raɗa.

Ba zan manta ranar da aka ce mu rubuto abin da ake nomawa a yankinmu ba. Hasana ta kwafe amsar farko da ta fito, har da tuffa da inabi. Kika kama hannunta zuwa bayan gida, kika nuna mata gonaki. "Malama Hasana, a gonar wa kika ga tuffa? Ta Baba Audi?" Tun daga ranar muka riƙe doka: a duba wanda ya rubuta, a duba wani wurin, a gwada da littafin makaranta, a kuma buɗe ido.

Da kika ga Turancin bidiyoyin yana yi mana sauri, sai kika fara yi mana bayani da Hausa, kina ɗaukar muryarki, kina tura mana a ƙaramar wayar Innata. Lissafi, kimiyya, yadda jini ke zagaya jiki. Duk suna nan.

Bayan sadakar uku, Yaya Suhaibu, ƙaninki, ya aiko saƙo daga iyalai: don Allah duk mai hotonki ya goge, a bar ki da addu'a. Kowa ya goge. Ni ba ni da hotonki, murya nake da ita, kuma ban san ko ita ma tana cikin roƙon ba. In na bari, ina tsoron na saɓa wa gidanku. In na goge, jarrabawa na tafe, ba ni da mai maimaita mini, kuma ba zan sake jin ki ba har abada.

Na daina kunnawa, amma ban daina ji ba. Ina wanke-wanke sai in ji kin ce, "To, ku saurara da kyau." In na wuce dalbejiyar nan sai in ga kamar yanzu kika tashi daga tabarmar. Har na ari wayar Amatullahi na rubuta tambayar, ko ya halatta a ajiye muryar mamaci. Amsoshi suka fito da yawa, wannan ya ce haka, wancan ya ce haka, wasu ma ba suna. Wa ya faɗa? Sai na gane wannan tambayar ba ta waya ba ce. Mai amsarta tana zaune a bayan katangarmu.

Na shiga wurin Inna Kubura, mahaifiyarki, da hantsi, na durƙusa, na gaishe ta. Ke ce 'yar farinta. Tun da nake ban taɓa jin ta kama sunanki ba, ko a zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta. Na daɗe ina murza bakin hijabina kafin maganar ta fito.

Ta ce, "Kunna mini ɗaya."

Na kunna na zagayawar jini. Kina cikin bayanin zuciya, sai ga muryarta ita kanta daga nesa, daga wajen murhu: "Ke 'yar nan, miyar za ta kama!" Ke kuma kika amsa, "Ina zuwa, Inna."

Inna Kubura ta dubi ƙofar ɗaki. Ni ma na duba. Labule ne kawai ke motsi.

Can ta ce, "Ki bar shi. Ilimi ne, ladansa zai riƙa iske ta." Na miƙe zan fita, ta riƙe mini hannu. "Mayar da shi baya kaɗan, wurin da Haulatu ta amsa."

Yaya, ranar na fara jin sunanki a bakinta.

Yanzu kowace Juma'a muna taruwa a ƙarƙashin dalbejiyar, mu ajiye wayar a tsakiyar tabarma. Inna Kubura takan zauna nesa kaɗan tana tsince wake. In mun kunna na zagayawar jini, ba ma tsallake wurin da kika amsa mata.

Ya Allah, Ka gafarta wa Haulatu, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Duk harafin da ta koya mana Ka sanya shi a mizaninta, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Lawal, da Inna Kubura, da Yaya Suhaibu da sauran ƙannenta, da abokan karatunta na Daura. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Mu kuma da muka rage, in kiranmu ya zo, Allah Ya sa mu amsa da imani. Amin.