Kawu Sada da Sarkin da Ke Cikin Kwanso

Kawu Sada, yayan mahaifiyata, ya bar Maraɗi yana saurayi da niyyar karatu a Alƙahira. Karatun bai yi nisa ba, amma girki ya karɓe shi. Shekara ashirin da uku ya yi yana dafa wa wasu Turawan ƙasar Cek abinci, masu tonon kaburburan Fir'aunoni a bakin hamada. Su suna cikin rami da ɗan buroshi, shi yana cikin tanti da ludayi.

Ranar da ya ajiye aiki, shugaban masu tonon ya miƙa masa ƙaramin akwati mai karan-miski. A ciki tsabar zinariya ce mai siffar kwabo, an rufe ta cikin kwanson roba mai haske kamar gilashi. An buga ta ne don tunawa da wani sarkinsu, Karel, wanda ya mutu sama da shekara ɗari shida da suka wuce. Ga shi nan da kambinsa da gemunsa, ya ɗaure fuska kamar an ci masa tuwo. Baturen ya gargaɗe shi: kada a buɗe kwanson, kada yatsa ya taɓa, ko gumi kaɗan ɓata ta zai yi.

Kawu ya riƙe wannan magana fiye da duk abin da ya haddace a makaranta. A gidansu na unguwar Ainu Shams a Alƙahira, duk baƙon da ya sha shayi sai an nuna masa sarki, amma daga nesa, hannuwa a baya. Ni kaina da nake rubuta tarihin gidanmu, sai da na wanke hannu sau biyu kafin a bar ni in kwafi rubutun da ke gefenta, kuma ko kwanson ban taɓa ba.

Matarsa Inna Mahasin Bahaushiyar Sudan ce, ita kuwa a wurinta zinariyar da ba ta hau jikin mace ba asara ce. Shekara shida tana haƙuri, har aka sa ranar auren 'yarsu tilo, Tasneem, da wani ɗan Sudan mai gyaran firiji a unguwar Arba wa Nus, Isam.

"Abu Tasneem," in ji ta, "gobe ka kai mutumin nan wajen maƙeri a huda shi."

"A huda wa?"

"Mai gemun. A goshin 'yarka zai zauna ranar jirtik."

Jirtik biki ne na mutanen Sudan: ango da amarya su zauna kan gado mai jan shimfiɗa, amarya ta sha ja, zinariya tana reto a goshinta. Inna ba ta samu nata ba, domin auren nasu ya faɗo tsakiyar lokacin tono, Kawu ya koma tanti washegari. Ba ta manta ba, ba ta kuma bar shi ya manta ba.

"Mahasin, ki ji tsoron Allah. Mutum ya mulki ƙasa da ƙasa, ke ki ce a sa masa basilla a ka?"

"Ya mulki ƙasa, ya ƙare a ƙarƙashin katifarka. Ni fa fitar da shi zan yi ya sha iska."

Kwana uku ba wanda ya ci abincin wani. A na huɗu mahaifiyata, wadda ta zo biki daga Maraɗi, ta kawo sulhu: ba za a huda ba, za a saƙa wa kwanson 'yar raga da jan zare, a rataya shi yadda yake. Kawu ya yarda bisa sharaɗi ɗaya, cewa duk inda sarki ya je yana biye. Inna ta ce, "Khalas, ka zo. Mu ara maka lalle ma in kana so."

Haka aka yi. Ranar Juma'a bayan La'asar, a saman benen su Isam, mata sun cika maƙil, ga ganga ga hayaƙin turare, ga Kawu Sada cikin farar jallabiya tsaye bayan gadon amarya kamar dogari. In Tasneem ta sunkuyar da kai don kunya sai ya ce a hankali, "Ɗago, zai zame." In wata ta matso da turaren wuta sai ya kore hayaƙin da hularsa. Matan suna ta tsokanarsa, "Ammu Sada, kai ce ƙawar amarya?" Bai ko kalle su ba.

Abin da babu wanda ya gaya masa shi ne maganar madara. A ƙarshen jirtik ana ba ango da amarya madara su guntsa, kowa ya fesa wa ɗan'uwansa a fuska, wanda ya riga shi ake cewa zai juya gidan. Kawu ya ga an kawo kofi, ya ɗauka sha za su yi. Sai ya ga kumatun Isam sun kumbura, ya saita goshin amarya.

Ban taɓa ganin dattijo mai ciwon gwiwa ya yi tsalle irin wannan ba. Ya faɗa tsakaninsu, hannuwa a buɗe. Isam ya fesa masa a fuska, Tasneem ta fesa masa a ƙeya. Guɗa ta tashi. Wata ta ce, "Shi ke nan, suruki ne zai juya gidan!"

Cikin wannan rububi hannun rigarsa ya fizge ragar. Kwanson ya bugi tayil ya rabe biyu, sarki ya gangara, ya bi tsakanin ƙafafu, ya kwanta a gaban Habboba Fatu, kakar ango. Tsohuwar ta ɗauka, ta goge da bakin mayafinta, ta kai baki ta gartsa masa haƙorin da ya rage mata.

"Tamam," in ji ta. "Ta gaske ce. Na ɗauka ta roba kuka kawo mana."

Kawu ya zauna a ƙasa, madara na ɗiga daga gemunsa. Aka sa masa tsabar a tafin hannu, karo na farko da ya ji nauyinta. Sawun haƙorin yana nan daidai saman kambi. Ya daɗe yana kallo. Tasneem ta durƙusa kusa da shi, kwallinta ya fara zuba.

"Baba, ma'alish, ka yi haƙuri. Laifina ne."

"Wane laifi? Tashi, kina ɓata kwalliya." Ya juya tsabar, ya sake juyawa. "Ashe sanyi gare ta."

Inna ta leƙo ta kafaɗarsa. "To, Habboba ta fara aikin. Sai maƙeri ya ƙarasa."

Ranar Asabar da kansa ya kai ta. Ya tsaya kan maƙerin har aka huda a daidai sawun haƙorin, ya hana a taɓa kambin. Daga can bai biya gida ba, ya hau ƙaramar bas zuwa Arba wa Nus, ya ɗaura wa Tasneem a wuya da hannunsa, ya ce kada ta yarda ta tsaya kusa da kakar mijinta.