Littafin da Aka Cinye da Ƙosai

Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma a Sundimina ta wancan zamani ni ne Baturen gidanmu. Kakarmu, Iya Dije, tana tuyar ƙosai da yamma a ƙofar gida. Mu jikoki mu kewaye murhu, ido kan kasko, kunne kan bakinta.

Wata rana matar hedimasta ta aiko mata da tsohon littafin Turanci marar bango, don ƙunshe ƙosai. Na buɗe na ga hoton yaro da yarinya gaban wani ƙaton agogo, ga kare a gefe.

"Maigida," in ji Iya, "kai da aka ce ka iya bakin Nasara, karanta mana kafin in yaga."

Na gyara murya. Kalmomin da na gane a shafin ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, amma ga ƙannena sun zuba mini ido. Na ce yaran sun shiga agogo, sun ɓullo a zamanin da. Iya ta ce ɗan mutum ba ya shiga agogo, rumbu dai suka faɗa. Daga nan ta karɓe labarin.

Kullum in duba shafi in yi 'yan gunagunina, ta yage ta ƙunshe wa mai saye, sannan ta faɗa mana abin da littafi ya ce. Ta raɗa musu Audu da Ladi. Suka fito a Gwaram tun ba a san mota ba, suka tarar da kakansu yana ɗan mitsitsin yaro, jaki ya kayar da shi yana rusa kuka.

"Ku ji rashin kunya," in ji Iya. "Ladi ta goya kakanta, har da cewa share majinarka!"

Mu yi ta birgima har man ya fara ƙauri.

To, wata ranar kasuwa ina makaranta, masu saye suka yi yawa, ta yage sauran shafukan kaf. Ga shi an bar yaran rumbu ya rufe musu, ba hanyar gida. Na dawo na sa kuka.

"Ƙarshen ya tafi Kiyako a aljihun wani mai shanu," in ji ta. "Bi shi ka karɓo."

Muka roƙe ta ta ƙarasa da ka. Ta ce ita ba ta ƙarya, abin da littafi bai faɗa ba ba za ta faɗa ba. Har Allah Ya karɓi ranta ba ta dawo da yaran nan gida ba, ni kuwa na yi furfura da tunaninsu.

A bara na kai ƙara wurin jikata Hauwa, mai karatu a Birnin Kudu, wadda wayarta ta san komai.

"Tsoho, sunan littafin?"

"An cinye."

"Wa ya rubuta?"

"Amarya, ni ƙosai nake kallo."

Ta nemi rumbu, jaki, majina a wayar. Babu. Dole na yi ƙasa da murya na faɗi abin da idona ya gani tsakani da Allah: agogo, yara biyu, kare. Bayan kwanaki ta miƙo mini wayar. Ga hoton nan, har karen! Sai da na cire hula.

Ta karance littafin tas. Ba jaki, ba kaka, ba Gwaram.

"Ashe Turancin naka a kaskon Iya aka toya shi," in ji ta.

"Bar wannan. Sun koma gida?"

"Sun koma, shayinsu ma bai huce ba."

Na yi hamdala har sau uku. Amma ina tauna goro sai na lura, 'ya'yan Turawa ne suka koma. Audu da Ladi ba sa cikin kowane littafi, ni da Iya muka jefa su rumbu, kuma ni kaɗai na rage da zan fito da su. Ina zaton abin da tsohuwar take jira ke nan, in buɗe baki in ƙarasa, ni kuwa ina can ina harin aljihun mai shanu.

Da yamma na tara jikoki, na sa aka hura wuta, na dawo da su Sundimina lafiya lau a kan acaɓa. Hauwa ta ce a zamanin da babu acaɓa. Na ce yaran da suka shekara sittin a hanya ba zan sa su tafiyar ƙasa ba.