Kalmar da Malam Habu Mai Waya Ya Ƙi Bari Ta Ɓace

Shekara ashirin da takwas ke nan da muka kai Malam Habu makwancinsa. A cikin waɗanda suka yi aikin gidan waya tare da shi a Potiskum zamanin Turawa, ni kaɗai na rage, ni ɗin ma gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni. Jikata Hajara ce ke rubuta wannan, ina faɗa mata.

Ina da shekara ashirin da biyar aka turo ni ƙarƙashinsa. Bangizime ne daga Yindiski, Hausarsa da nauyin harshen gida, ba ya son yawan magana. Ranar farko ya zaunar da ni gaban ɗan ƙarfen da ake buga waya da shi, ya ce, "Sale, wannan abin ba ya jin Turanci, ba ya jin Hausa. Abu biyu kawai ya sani, gajere da dogo. Kowane harafi da yadda ake jera masa su. In ka jera daidai, Kano za ta ji ka. In ka kuskure, ba zai gyara maka ba."

Hajara tana koyar da ilimin kwamfuta. Kwanan baya na tambaye ta abin da ke cikin akwatin nan da take yini a gabansa. Ta ce, "Kaka, ƙananan makunnai ne masu ɗimbin yawa, kowanne ko a kunne ko a kashe, ɗaya ko sifiri. Harafi, hoto, murya, duk jeri ne na waɗannan biyun. Ita ba ta da wayo, umarni take bi ɗaya bayan ɗaya, sai dai tana da sauri." Na ce to in wani abu ya zube a hanya fa? Ta ce kowane saƙo yana tafe da 'yar ƙidayarsa, in abin da ya iso bai yi daidai da ƙidayar ba sai na'urar ta nemi a sake aikowa. A kan irin wannan 'yar ƙidayar aka dakushe rayuwar Malam Habu.

Wata damina aka tsare garken wani Bafulatani, Jauro Buba, a bayan kasuwar shanu, ana zargin cutar bushiya mai kashe shanu ta shiga cikinsu. Aka aika da jininsu wajen likitan dabbobi, kowa yana jiran amsa. Ranar da wayar ta zo, hadari ya haɗu, layin sai ƙarƙar yake. A ka'ida mai aikowa yakan fara faɗin yawan kalmomin saƙo. Ya ce goma sha biyu. Malam Habu ya rubuta, ya ƙirga, goma sha ɗaya. Abin da ke kan takardar yana nufin a karkashe shanun. Ya ɗora yatsa zai nemi a maimaita, layin ya mutu. Iska ta kayar da turken waya a hanyar Azare.

Di'o, Baturen mulki, da kansa ya zo da la'asar, takalmansa duk taɓo. Ya miƙa hannu. Malam Habu ya tashi tsaye ya ce, "Ranka ya daɗe, saƙon bai cika ba. Kalma ɗaya ta faɗi."

Baturen ya karanta daga kan tebur, ya ce maganar a fili take, cuta ba ta jira, a sa hannu a buga hatimi.

"Ba zan sa hannu a kan abin da ban karɓa ba, ranka ya daɗe."

Na ga wuyan Baturen ya yi ja. Da ya fita na ce, "Malam, kana da iyali." Ya ce, "Jauro ma yana da su." Ba tare da hatimi ba babu mai ikon taɓa shanun, don haka aka jira. Jauro Buba ya yini biyu tsugune a gindin darbejiyar ƙofar ofis, ko ruwa sai an matsa masa.

Rana ta uku da hantsi aka ɗaga turken. Malam Habu ya nemi maimaici. Kalmar da ta faɗi ita ce wadda ke nufin "kada". Ba bushiya ba ce, an ce a sallami shanun.

Ba wanda ya ce wa Malam Habu sannu. Aka rubuta a fayil ɗinsa cewa yana da taurin kai. Mu da ya koya wa aiki muka yi ta wuce shi, har Turawa suka tafi, har ya yi ritaya a kujerar da na same shi. Ni na zama shugabansa shekara shida, kuma ban taɓa iya kiran sunansa ba tare da "Malam" ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ina jin na'urar za ta burge shi, tunda ba ta jin kunyar cewa a maimaita. Mutanen ne za su gajiyar da shi. Saƙo ya shigo wayar hannu rabi da rabi, ba a san mai aikowa ba, kafin a sha ruwa ya zaga unguwar Dogo Nini ya dawo, an kashe mai rai, an raba aure. Na daina gardama da masu karanta mini irin waɗannan. Ƙarfina bai kai ba.

A ƙarshen rayuwarsa ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi. Iyalinsa suna ganin yatsansa yana motsi a kan tabarma, suka ɗauka ciwon ne. Da na je dubiya na sa tafin hannuna a ƙarƙashin yatsan. Gajere, dogo, gajere. Ruwa yake so, kuma a juya shi ya fuskanci alƙibla. Wata huɗu ina zuwa kullum ina yi masa tafinta a cikin gidansa, tsakaninsa da matarsa da 'ya'yansa.

Bai bar gida mai bene ba, ba a sa wa ko lungu sunansa ba. Abin da na sani shi ne na zauna da mutumin da bai taɓa isar da maganar da bai tabbatar ba. Saƙonsa na ƙarshe a tafina kalma biyu ne, ya yi su a hankali, bai kuskure ko ɗaya ba: na gode.

Allah Ya haskaka kabarinka, Malam. Mu ma muna hanya.