Jaitun Bi da Takardar da Aka Hana Ta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, jim kaɗan bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Jaitun Bi a ɗakinta da ke ƙauyen Vunisoro, nan tsibirinmu na Vanua Levu, bayan gajeriyar jinya. Ta bar 'ya'ya biyu, Imroz da Nasrin, da jikoki. Matar yayana Taiyab Ali ce, don haka tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa kama sunanta ba. Bhabhi nake ce mata, wato matar yaya a harshenmu, kuma da shi zan kira ta yau.

Bhabhi, 'yan'uwa sun ce in rubuta alherinki, in bar sauran. Na gwada, abin ya gagara. Duk alherin da na ɗauko, sai in tarar da bencin ofishin rajistar haihuwa da mutuwa a bayansa.

Kina da ƙuruciyarki lokacin da yaya Taiyab ya fita kamun kifi da amininsa Semesa, bayan an gama saran rake. Guguwa ta taso musu a teku. Aka tsinci kwale-kwalensu a kife, ruwa ya dawo da gawar Semesa, bai dawo da ta Taiyab ba. Mutanen ƙauyen Semesa sun yi ta nutso suna nema har idanunsu suka yi ja. Muka yi masa sallar ga'ibi, muka koma gida babu kabarin da za mu nuna wa yaransa.

Ni ne na kai ki gari a motar bas ɗin da nake tuƙawa, ke da Litia matar Semesa, ku karɓo takardar shaidar mutuwar mazajenku. Mutum biyu, kwale-kwale ɗaya, rana ɗaya. Aka ba Litia tata kafin azahar. Ke kuma akawun da ke bayan taga ya ce babu gawa, babu takarda, sai shekara bakwai ta cika kotu ta yi hukunci. Da ya tsaya nan, da mun ce doka ce. Amma sai ya dube ki yana murmushi ya ce, "Kin tabbata ma ruwa ne ya ci shi? Mazan yanzu, ki ga mutum yana can ƙasar waje, a Auckland, da sabuwar amarya."

Ina tsaye a bayanki. Kika ce masa, "Mutumin da ko gari ba ya shiga sai na goge masa riga, shi ne zai je Auckland? To in ka gan shi, ka ce yaransa suna gaishe shi." Kika juya muka fito. Sai da kika zauna a kujerar bayan direba sannan kika rufe fuska da mayafi.

Abin da akawun nan bai damu ya sani ba shi ne, gonar rakenmu ta haya ce, kuma sunan Taiyab ne a kan yarjejeniyar. Ba za a mayar da ita sunanki ba sai da shaidar ya mutu, ba za a sabunta ta ba sai da sa hannunsa. Liman ma ya ce ki jira shekara huɗu kafin ki shiga takaba. Haka kika zauna, ke ba mai miji ba, ke ba bazawara ba. Kika ɗauki addarsa kika shiga cikin rake tare da maza, ganyen yana yanka miki hannu, kuma ba a taɓa cewa layinki ya rage a baya ba. In na dawo aiki na zo taya ki, sai ki ce, "Hanif, ajiye addar nan kafin ka sare ƙafarka. Kai da ko motar ba ka iya riƙewa a kan hanya." Sai ki zaunar da ni, ki miƙo min gurasarmu ta roti mai zafi da miyar kabewa.

Shekara bakwai ta cika, muka shiga kotu. Aka ce sai an kawo rahoton 'yan sanda na ranar haɗarin. Aka ce rahoton yana cikin takardun da ambaliya ta jiƙa. Aka ce to sai magatakarda ya bincika kundin mamata, ya ba da shaidar cewa ba a taɓa rubuta mutuwarsa ba. Magatakarda ya bincika, ya gano wani Taiyab Ali da ya rasu tun yayana yana goye, ya ce ba zai iya rubuta cewa babu mai wannan suna ba. Kika hau jirgin ruwa zuwa babban birni, ke da tun ranar nan ba kya son ko kallon teku, suka ce ki koma gundumarku, can ne hurumin abin.

Wani ma'aikaci, wai don tausayi, ya ja ki gefe ya ce ki karɓi takardar wancan tsohon Taiyab ɗin, babu mai duba shekara. Ni kaina, Allah ya sani, na ce ki karɓa, domin wa'adin gona ya kusa. Kika ce, "Wannan mijin wata ne. Nawa nake nema." Wa'adin ya cika maganar tana kotu. Muka kwance kwanon rufin gidan da aka haifi 'ya'yanki, muka loda a mota, raken da kika dasa yana tsaye kore shar, wani ya zo ya sare.

Litia ce ta tsaya miki. Ta je gaban dattawan ƙauyensu na Vunisoro ta ce, "Mijinta da nawa ruwa ɗaya ya ci. In ba ta da wurin kwana, ni ma ba ni da shi." Suka ba ki fili a bayan gidanta. A nan kika ƙarasa rayuwarki, kina koya wa matan ƙauye murza roti, suna koya miki dafa ganyen gwaza da madarar kwakwa, kuna yi wa juna tsiya a kan wadda ta fi cika gishiri.

Ba ki daina zuwa ofishin nan ba, ko bayan da babu sauran gonar da za a ceto. Akawu ya yi ritaya, wani ya zo, shi ma ya tafi, kina nan a kan benci da ƙunshin abincinki. Kuma duk wanda ya zo da hawaye sabo, gefenki yake zama. Kin raka matan da ba su iya karatu ba zuwa bakin taga. Kin ciyar da mutanen da suka sauko daga tsauni ba su karya ba. Akwai wata yarinya, Shabnam, da jaririnta ya rasu a hanyar asibiti, aka yi ta mayar da ita tsakanin likita da akawu. Kika riƙe hannunta kika ce, "Kada ki yi kuka a gabansu, 'yata, rufe taga suke yi. Ki bari mu fita, sai mu yi tare." Ba ki rabu da ita ba sai da ta samu takardarta. Ranar jana'izarki ta zo tun daga wancan gefen tsibiri, ita ce ta zuba ruwa lokacin wankanki.

Na taɓa tambayarki, me za ki yi da takardar yanzu? Kika ce, "Ba komai. So nake wani ya rubuta cewa ya taɓa kasancewa, kuma ba gudu ya yi ba."

Bayan sadakar uku, ni da Imroz muka je rubuta rasuwarki. Yarinyar da ke bayan taga mai ladabi ce, ta yi mana gaisuwa. Ta duba na'urarta ta ce, "Mijinta fa? Shi ya fi cancanta ya sa hannu." Imroz, wanda furfura ta fara fito masa, ya ce mahaifinsa ya rasu tun yana ɗan firamare. Ta ce ta yarda, amma a wurinsu yana raye, abin da ke gabanta za ta rubuta. Kafin mu gama shan shayi a tsallaken titi, takardarki ta fito. An rubuta ki matar aure, kin rasu kin bar miji.

Bhabhi, ban yafe wannan ba. Kin sha ce min in rage zafin zuciya, amma ba ni da haƙurinki. Ban roƙa wa kowa sharri ba, sai dai na bar su da Wanda ba a ɓatar da takarda a wurinsa.

Jiya Imroz ya kafa allo a kabarinki. Ya sa an rubuta: Jaitun Bi, matar marigayi Taiyab Ali. Mai fentin bai tambaye mu shaida ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata makwancinki, ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara. Allah ya jiƙan yaya Taiyab a inda ruwa ya ajiye shi, ya haɗa ku a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Imroz da Nasrin da 'ya'yansu, da dukkan dangi na nan da na ƙetare, da Litia, wadda har yau in ta sauke tukunya sai ta zuba kwano biyu. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Hanif Ali, ƙanin mijinta