Zamzam Mai Kumfa

Assalamu alaikum jama'a. Yau na ga Zamzam tana kumfa!

Saboda tsadar sabulu, matata Hajiya ta haɗa nata na ruwa, ta ɗura a tsohuwar jarkar Zamzam. Ban sani ba. Alhaji Idi mahauci yana kwance a asibitin Treichville, ya roƙi Zamzam. Na ɗauki jarkar tun daga unguwarmu Bromakoté na kai masa.

Ya yi bisimilla ya tsiyaya. Sai kumfa!

Ya ce, "Malam, ciwo nake, ba dauɗa ba."

Na komo a gajiye, na tarar Hajiya ta juye ragowar Zamzam ta gaske da ke ɗaya jarkar a bahon wanki.

Ta ce, "Malam, sabulun nan ya ƙi kumfa!"

Innalillahi! Rigunana sun sami tabarruki, Alhaji Idi yana can yana jira.