Vandi, Mai Sa wa Tsofaffin Motoci Murya

Ranar Talata, 14 ga watan Maris, 1989, da hantsi, Allah ya yi wa Vandi Tizhe rasuwa a nan Mubi bayan gajeriyar jinya. Sanƙarau ne ya ɗauke shi, bai cika shekara arba'in ba. Mutanen unguwar Lokuwa sun san shi da rumfarsa ta gyaran rediyo da wayar mota a gindin dalbejiya. Ni kuwa, da nake malamin kiwon lafiya, wata tsohuwar mota ce ta haɗa mu. Vandi, bari in yi maka magana kai tsaye kamar yadda muka saba.

Ka tuna ranar da na fara kawo maka Fijo ɗina, 404 ɗin nan da tsatsa ta cinye wa ƙofofi. A lokacin matata Salomi tana fama da ciwon da ya zama ajalinta, kowane wata sai na kai ta asibiti a Maiduguri. Tana kwance a kujerar baya, ba abin da take ji sai ƙarar inji da zafin jikinta. Ta taɓa ce mini babu abin da take kewa kamar waƙoƙin zumuntar mata, tunda ba ta iya zuwa coci. Na kai motar wurin wasu masu gyara a sa mata kaset, suka ce ƙofofin ba za su riƙe sifika ba, wayoyin kuma sun ruɓe, gobara kawai nake nema.

Kai kuwa ka zagaya motar, ka ƙwanƙwasa ƙofa da bayan hannu, ka saurari abin da ya kawo ni. Sannan ka ce, da irin Hausarka ta mutanen Michika, "Malam, mota nan ya tsufa, gaskiya ne. Amma Mama ne zai ji waƙa, ba mota ba. Bari mu gani."

Ka bar ƙofofin yadda suke. Ka yanka katako, ka kafa shi a bayan kujera, ka dasa sifika biyu a kai, ka karkata su wajen da kanta yake kwanciya. Ka ja sabuwar waya tun daga batir, ka sa mata fis. Ramin tsohuwar rediyo ya yi wa kaset ɗin kaɗan, sai ka lanƙwasa ƙarfe ka rataye shi a ƙarƙashin gaban mota. Da muka tayar da inji, wani siririn kuka ya riƙa bin waƙar duk lokacin da na taka totur. Na ce a bar shi haka, ka ƙi. Ka kwanta a ƙasa cikin rana kana kankare tsatsa har ka kai ga farin ƙarfe, ka ɗaure waya a wurin, kukan ya ɗauke.

Abin da ban roƙe ka ba shi ne wanda ka yi ranar Lahadi. Ka ɗauki rakodarka ka je cocinmu na Nassarawo, ka naɗi muryoyin matan suna waƙa, a ƙarshe kowace ta kira sunan Salomi ta gaishe ta. A tafiyarmu ta gaba, da ta ji sunanta, ta rufe fuska da mayafi. Da wannan kaset ta yi sauran tafiye-tafiyenta. Da ta rasu a daminar da ta biyo baya, kana cikin waɗanda suka haƙa kabarinta.

Bana, da zafi ya kankama, sanƙarau ya shiga ƙauyukan da ke kewaye da garin Gella. Akwai allurar rigakafi, amma labari ba ya isa inda ya kamata, wasu kuma suna ɓoye marasa lafiya a ɗaka har wuyansu ya sandare. Kai ne ka zo ka same ni ka ce a ɗora wa motata lasifika a kan rufi. Ka aro mai bakin ƙaho, ka ɗaure ta da roba, ka haɗa ta da kaset ɗin. Muka naɗi sanarwa da Hausa, da Fulatanci, da harshen Gude, da Kamwe, harshenku na Michika. Na Kamwe kai ka faɗa da bakinka, kana dariyar yadda muryarka ta fito.

Hanyar duwatsu ce, gargada tana ta tsinka wayar. Maimakon ka koya mini ɗaurawa, sai ka rufe rumfarka ka shiga gaban mota. Na sha waiwayowa in ga hannunka a waje ta taga, kana riƙe da waya a kan rufi mai zafi don kada magana ta yanke a tsakiyar ƙauye. Mutane suka fito. Na ga mata da goyo suna gangarowa daga kan tudu, suna tsallaka busasshen rafi, saboda sun ji an yi musu magana da harshensu.

A wani ƙauye muka tarar da wata yarinya kwance, mahaifinta Gabdo ya rasa yadda zai yi, maƙwabta kuma sun ja da baya. Na ce ka koma gaba, ni zan riƙe ta. Ka ce, "To wa zai tuƙa, Malam?" Ka rungume ta a cinyarka har asibiti. Yarinyar ta tashi, tana gidan iyayenta yanzu.

Ka yi allurar, amma ashe ciwon ya riga ya shiga jikinka. Ka fara da ciwon kai, ka ce rana ce. Washegari matarka Ƙauna ta aiko a kira ni, na tarar ba ka iya sunkuyar da kai. A kujerar bayan nan na kwantar da kai, na kai ka asibiti. An yi duk abin da za a iya yi. Ka daina gane mutane, ba ka bar wa kowa sallahu ba.

Kwana ɗaya da binne ka dole na sake fita, domin ciwon bai tsaya ba. Na kunna kaset a bakin wata kasuwa, da aka zo kan Kamwe sai muryarka ta cika wurin, kana cewa a kawo yara. Na kasa fitowa daga motar. Ban kuma kashe ba, domin mutane suna taruwa.

Ka bar Ƙauna da tsohon ciki da 'ya'ya uku. Babbarsu, Alice, ta tambaye ni ko ciwon ya yi maka zafi sosai. Na ce mata yanzu dai ka huta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Tizhe, wanda ya sauko daga dutse da sanda ya binne ɗansa, ga Ƙauna da yara, ga 'yan'uwa na Michika, da abokan sana'arka na Lokuwa, Kirista da Musulmi, waɗanda suka ɗauki akwatinka tare. Ubangiji ya yi maka jinƙai, Vandi, ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka cikin hutawarsa. Ya sauki matarka lafiya, ya zama uba ga marayunka har da wanda ba zai taɓa ganin fuskarka ba. Ya kuma ɗauke mana wannan ciwo daga ƙasarmu. Amin.

Ephraim Dawuda,
Nassarawo, Mubi.