Harsashin da Surukina Ya Zaɓa

Barewar Greenbelt, garin da muke zaune a ƙasar Turawa, ba ta da ta ido. A shekarar da Baba, mahaifin matata, ya zo mana daga Katsina, sai da ta cinye yakuwar da matata ta shuka a ɗan lambunmu tas, ta tsaya tana kallonmu. Tsakanina da Baba daga gaisuwa sai sunkuyar da kai. 'Yarsa ya gaya wa, ita ta kawo mini.

"Baba ya ce wai dabba na cin abincin gidanka kana danna kwamfuta?"

Maganar nan ta ƙona mini rai. Ina da lasisin farauta da bindiga, lokacin farauta kuma ya kama. Na aika masa cewa kafin ya koma zai ci naman barewa daga hannuna.

Bindigata irin wadda cikin bututunta ke da zane mai murɗawa ce. Harsashin da take so dunƙule ne guda ɗaya cikin rigar roba. Zanen ya kama robar ya murɗa shi, ya tafi sak. Akwai wani na zallar dalma mai zane a jikinsa, wannan na bindiga mai sulɓin ciki ne. Ka sa shi a tawa, sai ya shafe cikin da dalma ya tafi inda ya ga dama. Na karanta wannan har na haddace.

Sai Baba ya ce zai raka ni shagon sayar da harsashi. Ya ɗauki na robar ya jujjuya ya taɓe baki.

"Wannan ai na wasan yara ne." Ya ɗauko na dalmar ya auna a tafin hannu. "Ka ce bindigarka da zane? To ga mai zane. Sun dace."

Mai shagon ya buɗe baki zai yi bayani, na harare shi. A gaban Bature zan bari a gyara wa surukina magana?

"Haka ne, Baba," na ce, na biya kuɗin na dalmar.

Da muka shiga mota na ce na manta wayata, na koma da gudu na sayo na robar na cusa a aljihu. Dabarata in musanya su a daji.

Ina. Ranar farautar Baba ya ɗora rigar mafarauta mai ruwan lemo da doka ta ce a sa a kan babbar rigarsa, ya zauna daf da ni a gindin bishiya muna rawar ɗari. Ya fito da harsashinsa, ya yi masa tofi, ya miƙo mini da hannu biyu. Wanda aka yi wa tofi kuma ta ina zan ajiye shi? Na sa a bindiga, na robar na tokarina a cinya.

Rana ta ɗan ɗago sai ga namijin barewa, ƙosasshe, na tabbata da yakuwarmu ya yi wannan ƙiba. Na yi bisimilla na ja kunama. Ɓawon wata bishiya can gefe ya tarwatse. Barewa ta ɗaga jela ta yi gaba.

Har muka iso gida Baba carbi kawai yake ja. Kunya ta hana ni cin abinci. Kaza aka ci ranar, kuma kaza aka yi ta ci har ya tafi.

Muna dawowa daga filin jirgi, cunkoso ya tsare mu a hanya, matata ta gyara zama.

"Baba ya bar maka saƙo. Ya ce tun da ka dawo daga shago ya ga aljihunka ya kumbura."

Na ƙanƙame sitiyari.

"Ya ce mutumin da ya yarda ya rasa barewa don kada tsoho ya ji kunya, hankalinsa ya kwanta da ya ba shi 'yarsa."

Idona ya ciko, na yi kamar madubi nake dubawa.

"Amma ya ce baɗi ka sa na robar, don shi nama ya zo ci."